PET ko SPECT, wanne za a fara saya?

A ce jami'a ta samu kuɗi za ta buɗe cibiyar ɗaukar hoton abin da ke gudana a cikin ƙwayoyin jiki, sai aka ce inji ɗaya tak za a iya saya, PET ko SPECT. Duka biyun dai allura ake ma mutum ta sinadari mai fitar da haske, injin ya bi sawunsa.

PET ɗin nan da su Michel Ter-Pogossian suka haɗa a Jami'ar Washington ta St. Louis a shekarun 1970, shi ne gwanin gano ciwon daji, wato kansa. Sukari ake liƙa wa sinadarin mai fitar da haske, wato fluorine-18, ƙwayoyin kansa kuwa mayun sukari ne, sai ka ga wurin ya yi jawur a allo kamar garwashi. Amma fa akwai jan aiki, ƙarfin sinadarin rabi yake raguwa duk minti 110, kenan sai da cyclotron, injin da ke samar da sinadarin, a kusa, ga wutar da ba ta ɗaukewa, ga ma'aikata tun asuba suna haɗa allura, mara lafiya ya makara awa biyu to rabin abin ya bi iska.

Ni kam in aljihu bai yi nauyi ba SPECT zan ɗauka. Hotonsa bai kai na PET fitowa tsaf ba, gaskiya, amma zuciya da ƙashi yana nuna su sarai kuma ya fi araha nesa ba kusa ba. Sinadarin da aka fi amfani da shi a SPECT, technetium-99m, sai ya yi awa 6 kafin ƙarfinsa ya ragu rabi, daga wani ɗan mazubi mai ɗauke da sinadarin molybdenum-99, da ake kira janareta, ake tatsarsa, ana kawo sabo kusan duk sati.