Asamoah Gyan: Zama a Sunderland ko Tafiya Al Ain?

A watan Satumban 2011 ɗan wasan gaban Ghana Asamoah Gyan ya bar Sunderland ta Ingila ya koma Al Ain ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, da farko a matsayin aro. Magoya bayan Black Stars, wato ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasar Ghana, da yawa sun ce kuɗi ne kawai ya ja shi.

Da ya zauna a Ingila, yana da abin kafa hujja. Sunderland ta saye shi daga Rennes a 2010 kan fam miliyan 13, ya ci ƙwallo 10 a gasar Firimiya a kakarsa ta farko. Duk mako duniya na kallonsa, sai dai ƙungiyar ba ta cin kofi.

A Al Ain kuwa, kaka uku a jere shi ne gwarzon cin ƙwallaye, ya ɗauki kofin lig, ya kuma fi kowa zura ƙwallo a gasar zakarun Asiya ta 2014. An yi ta cewa ƙafarsa za ta mutu a can. Ba ta mutu ba: yana ɗan wasan Al Ain ya zura ƙwallo a ragar Jamus da ta Portugal a gasar kofin duniya ta 2014 a Brazil, ƙwallayensa na kofin duniya suka kai 6, abin da babu ɗan Afirka da ya taɓa yi.

Ni dai ina ganin tafiyar ta karɓe shi, ko da yake na so a ce ya ƙara kaka biyu a Firimiya.