Sankarar Mama da Albashi: Wace Inshorar Nakasa Za Ki Zaɓa a Amurka?

Idan sankarar mama ta kwantar da mace mai aiki a Amurka, dokar hutun jinya ta FMLA ta 1993 hutun mako 12 kawai take ba ta, ba albashi, shi ma sai a ma'aikatar da ke da mutum 50 zuwa sama. Tiyata da kemo (maganin kashe ƙwayoyin sankara) da gashin sankara da na'ura kuwa sukan wuce haka nesa, mai gida kuma ba ya ɗaga kuɗin haya don ana jinya. Hanya uku ake bi a samu kuɗin shiga na dogon lokaci.

Ta farko ita ce inshorar nakasa ta wurin aiki. Ita ce mafi araha, kuma galibi ba a binciken lafiyarki idan kin shiga tun da aka ɗauke ki. Takan biya kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na albashi, bayan jiran kwana 90 ko 180. Amma 'yar'uwa, kafin ki duba farashi, nemi shafin da ya fayyace abin da suke kira nakasa. A yawancinsu, wata 24 na farko ana biyanki muddin ba za ki iya aikinki na da ba. Daga nan sai ma'auni ya koma kowane irin aikin da ya dace da iliminki. Mai jinyar tsofaffi da hannunta ya kumbura bayan an cire mata ƙulluwan hammata ba za ta iya ɗaga majinyaci ba, don haka za a biya ta. Shekara biyu na cika, kamfanin inshorar na iya cewa ai za ta iya zaman amsa waya. A nan ne kuɗin mata da yawa ke yankewa, alhali gajiya da mutuwar yatsu da mantuwar da kemo ya bari ba su sake su ba.

Akwai kuma sharaɗin tsohon ciwo. Wasu takardun sun ce idan kin ga likita kan ƙullutun a wata 3 kafin inshorar ta fara, sannan kika kwanta cikin shekarar farko, ba ki da komai. Saboda haka kada ki sauya wurin aiki ana tsakiyar gwaje-gwaje. In an ba ki zaɓi, ki biya kuɗin inshorar daga albashinki bayan an cire haraji, don abin da za a riƙa ba ki ya zo ba haraji. In ma'aikata ce ta biya, gwamnati za ta yanki nata.

Ta biyu ita ce wadda za ki saya da kanki. Ta fi tsada, amma tana binki duk inda kika koma, kuma za ki iya zaɓar wadda ke auna nakasa da sana'arki har shekara 65 ko 67. Ga masu kitso da masu shago da ba su ƙarƙashin kowa, ita ce mafita. Sai dai da lafiyarki ake sayenta. Da zarar an gano cutar, kamfanoni kan rufe ƙofa na shekaru.

Ta uku, SSDI, inshorar nakasa ce ta gwamnatin tarayya, kuma da harajin da ake cira a albashinki kika riga kika biya ta. Wadda ta kai shekara 31 galibi sai ta yi aikin shekara 5 cikin 10 na baya-bayan nan. Wadda ake biya a hannu ba ta shigar da haraji, ba ta tara komai a can. Sharaɗinta ya fi tsauri: ciwon ya hana ki duk wani aikin kirki na aƙalla wata 12. Ana jiran wata 5, Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati, kuma sai bayan wata 24 da fara karɓa. Sankarar da ta bazu zuwa wasu gaɓoɓi, ko wadda ba ta tiyatuwa, ana hanzarta duba ta. Sankarar da ke matakin farko kuwa sau da yawa ana ƙi. Kamfanin inshorar wurin aiki ma yakan sa ki nemi SSDI, ya kuma rage abin da kika samu daga nasa.

A ganina, mai albashi ta karɓi ta wurin aiki ranar da aka miƙo mata takarda, in da hali ta ƙara da ta kanta. Idan inshorar wurin aiki ta ƙi biyanki, dokar ERISA da ke kula da irin wannan inshora ta ba ki kwana 180 ki ɗaukaka ƙara a wurin kamfanin, kuma kotu galibi abin da ke cikin fayil ɗin ƙarar nan kaɗai za ta duba. Ki roƙi likita ya rubuta dalla-dalla: nauyin da za ki iya ɗagawa, awa nawa za ki iya zama ko tsayuwa, da kwana nawa a wata jinya ke hana ki fita.