Na biya kuɗin zagayen Dostoyevski a San Fitasbag, ga abin da na samu

Awa uku aka rubuta a tallan wannan yawon ƙafa na bin sawun marubucin Rasha Fyodor Dostoyevski, amma sai da muka ci kusan huɗu muna tafe, har washegari ƙafafuna na yi min tuni. Mu tara ne da 'yar rakiyarmu. Kamfanin kuwa ba zan kama sunansa ba, don akwai inda zan yi masa tsiya.

Mun haɗu a dandalin Sennaya, tsohuwar kasuwar ciyawa, unguwar da a zamanin Fyodor Dostoyevski take cike da talakawa da mashaya da masu karɓar jingina. Rabin farko na zagayen duk na Raskolnikov ne, ɗalibin nan da ya kashe tsohuwa da gatari a littafin Dostoyevski mai suna Laifi da Hukunci da ya fito a 1866. Aka nuna mana gidan da ake cewa nasa ne a titin Grazhdanskaya, aka ce mu ƙirga taku zuwa gidan tsohuwar a bakin magudanar Griboyedov. Littafin ya ce taku 730 ne. Nawa ya zarce haka nesa ba kusa ba, wata dattijuwa a cikinmu ta ce ai ƙafafuna ne gajeru. An sha dariya.

Sai dai a nan haushina ya soma. Mun ɓata fiye da awa ɗaya a ƙofar mutumin da bai taɓa zuwa duniya ba, amma ba a ce uffan ba kan abin da ya sa ya yi kisan. Alhali nan ne gishirin littafin: shin wanda ya ɗauki kansa ya fi sauran mutane yana da ikon zubar da jini don wata manufa da yake ganin alheri ce? Na ce, "Malama, ba za ki taɓa mana wannan ba?" Ta ce lokaci ya ƙure. Lokacin bai ƙure ba da ta zo labarin caca da farfaɗiyar Dostoyevski, wannan kam an baje shi dalla-dalla.

Filin Semyonovski ma, wanda yanzu ake kira Pionerskaya, minti biyu aka ba shi. A nan ne a Disambar 1849 aka jera Dostoyevski da abokansa na ƙungiyar Petrashevski, masu sukar tsarin mulkin Rasha na lokacin, za a harbe su. Har an ɗaure uku a jikin turaku, shi yana sahu na biyu, sai saƙon Sarki Nikolas na Ɗaya ya iso cewa an sassauta hukuncin. Yana da shekara 28. Daga nan sai shekara huɗu a kurkukun Omsk a Saberiya da mari a ƙafa. Mutumin da ya tsaya yana jiran harsashi, ba mamaki duk rubutunsa na baya ya koma kan mutuwa da imani da 'yancin zaɓi.

Abin da ya fanshi kuɗina shi ne gidansa na ƙarshe a layin Kuznechny, wanda ya zama gidan tarihi a 1971. Shi da iyalinsa sun tare a nan ne a 1878, bayan rasuwar ɗansu Alyosha ɗan shekara uku, domin zama a tsohon gidan ya gagare su. A ɗakin karatunsa ya rubuta littafin 'yan'uwan Karamazov, da dare yake aiki, da shayi mai kauri a gefe. Agogon ɗakin a tsaye yake kan lokacin da ya cika.

Ni dai ɗakin matarsa Anna ne ya fi tsaya min a rai. Ta zo masa a 1866 a matsayin mai ɗaukar shifta, lokacin da wata muguwar yarjejeniya da mai buga littattafai ta shaƙe shi, suka kammala littafi cikin kwana 26. Daga baya ta karɓi ragamar buga littattafansa da sayar da su, ita ce ta fitar da gidan daga bashi. Teburinta na lissafi na nan. A wannan ɗakin, gaskiya, 'yar rakiyar ta yi bayani mai kyau, da alama nan ne zuciyarta take.

Akwai kuma wani ɗan akwatin taba, wanda 'yarsa Lyubov ta rubuta a jikinsa cewa yau Baba ya rasu, ranar 28 ga Janairu 1881 a tsohuwar kalandar Rasha. Na tsaya a gabansa har sai da aka kira ni.

Wanda bai karanta littattafan ba, zagayen tituna zai zame masa kallon tsofaffin gine-gine kawai. In zan koma, jirgin ƙarƙashin ƙasa zan hau in sauka a tashar Vladimirskaya, in taka zuwa Kuznechny ni kaɗai, in yi awa ukun a can.