Manhajar Calm: Me Za Ta Iya Yi Wa Mai Fama da Fargaba?

Calm manhaja ce ta wayar hannu da Michael Acton Smith da Alex Tew suka kafa a Amurka a shekarar 2012, domin taimaka wa masu yawan damuwa da rashin barci. Abin da ya fi burge ni a cikinta shi ne atisayen numfashi, inda wani da'ira ke kumbura yana tsukewa a fuskar waya, mutum kuma yana shaƙar iska yana fitarwa daidai da motsinsa. Wanda ya san yadda fargaba ke sa zuciya bugawa da sauri, numfashi ya riƙa sarƙewa, zai gane amfanin wannan, domin jinkirta fitar da numfashi yana sassauta bugun zuciya, jiki ya samu natsuwa. Akwai kuma zaman natsuwa na kusan minti 10 da ake sabuntawa kullum, da labaran da ake karantawa cikin tattausar murya don jawo barci.

Sai dai babu Hausa a cikin harsunanta, kuma mafi yawan darussan sai an biya kuɗin rajista, abin da zai yi wa mutane da dama nauyi. A ganina, ɓangaren kyauta ya isa mai son koyon sarrafa numfashi. Amma wanda fargaba ta hana shi aiki, cin abinci ko barci na tsawon makonni, ya kamata ya ga likita, domin manhajar ba ta gano cuta, ba ta kuma rubuta magani.