Jitar lantarki da amfilifaya: yadda za ka raba kuɗinka idan aljihu matsakaici ne

Yawancin masu tara kuɗin sayen jitar lantarki hanya ɗaya suke bi: su zuba kusan duka a kan jitar, canjin da ya rage su nemi ɗan ƙaramin amfilifaya da shi. Ana kai kaya gida a jona, sai murna ta koma ciki, sauti ya fito siriri kamar na rediyon aljihu. Daga nan a fara zargin jitar, alhali ba ta da laifi.

Jitar lantarki ba ta da murya mai ƙarfi ta kanta. Tsirkiyar ƙarfe ce ke karkaɗawa a saman maganaɗisu, ta haifar da ɗan ƙanƙanin lantarki, amfilifaya ya ƙarfafa shi, lasifika ta mayar da shi sauti. Abin da kunnenka ke ji daga lasifika yake fitowa. Shi ya sa a ganina rabin kuɗin kawai ya kamata jita ta ci. Amfilifaya ya ɗauki mafi yawan ragowar, sannan a bar wani abu don waya mai kyau, na'urar saita tsirkiya, jaka, igiyar ratayawa da ladan mai gyara. A matsakaicin farashi, jitocin yau sun riga sun kai inda ake so. Wurin da ake yawan faɗawa rami shi ne amfilifaya.

Kafin launi ko siffa, fara da fikof, wato maganaɗisun da aka naɗe da siririyar wayar tagulla sau dubbai a ƙarƙashin tsirkiyoyi. Iri biyu ne manya. Mai naɗi ɗaya, irin na Fender Telecaster da Stratocaster wadda ta fito a 1954, sautinsa garau ne, mai kaifi, kowace tsirkiya ana jinta daban ko da an kaɗa shida tare. Aibinsa ƙugi: yana kwaso hayaniyar wutar gida, mai bugawa sau 50 ko 60 a daƙiƙa, kuma ƙugin na ƙaruwa idan ka ƙara gurnanin amfilifaya, wato kaushin sautin nan na kiɗan rok, ko ka tsaya kusa da kwamfuta. Wannan matsalar ce Seth Lover ya magance wa kamfanin Gibson da fikof mai naɗi biyu, wanda ake kira hambaka. Naɗin biyu suna adawa da juna, sai ƙugin ya soke kansa. An fara sa shi a Les Paul a 1957. Sautinsa ya fi kauri da ɗumi, ya fi jure gurnani mai nauyi, amma bai kai mai naɗi ɗaya tsabtar fita ba.

Idan ka san abin da za ka kaɗa, zaɓi ya yi sauƙi. Mai son kiɗa mai tsalle-tsalle da sauti tas, mai naɗi ɗaya ne nasa. Mai son rok mai nauyi ko metal, hambaka. Wanda bai tsayar da zuciya ba, kuma su ne mafi yawa, ya nemi jita mai haɗi: hambaka ɗaya kusa da gada, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a jikin jita, masu naɗi ɗaya guda biyu a tsakiya da wajen wuya. Ana rubuta wannan tsarin HSS. Yamaha Pacifica, da aka fara yi a 1990, a kan haka ta yi suna. Samfurin 112V ya ishi mai koyo shekaru, 612 kuwa, da fikof ɗin Seymour Duncan da makullan tsirkiya masu kulle kansu, tana cikin jitocin da suka fi ƙarfin kuɗinsu. Abin da kawai ba ta da shi shi ne sunan da zai sa a waiwayo ka.

Sai wuya, kuma a nan ya kamata a daɗe, don fikof ana iya canzawa gobe, wuya kuwa da shi za ka zauna. Tsawon tsirkiya daga gada zuwa kan wuya a yawancin jitocin Fender inci 25.5 ne, a na Gibson inci 24.75, PRS kuma ta tsaya a tsakiya da inci 25. Bambancin bai kai inci ɗaya ba, amma yatsa na jin sa. Gajeren tsawo na sa tsirkiya ta yi laushi, lanƙwasa ta ya yi sauƙi, firet-firet, wato siraran ƙarafan da ke gicciye a kan wuya, su matso kusa da juna, abin da ke taimakon mai ƙananan hannuwa. Dogon tsawo na ba da tauri da sauti mai tsayawa. Kaurin wuyan ma ya bambanta. Na Ibanez RG siriri ne, shimfiɗaɗɗe, an yi shi don gudu, wasu Les Paul kuwa wuyansu cike yake da tafin hannu. Babu wanda ya fi wani. Riƙe kowanne na minti goma, a zaune da kuma a tsaye, hannunka zai gaya maka.

A tsaye ɗin nan yana da muhimmanci. Les Paul takan kai kilo 4 ko fiye, kuma bayan awa biyu kafaɗa za ta yi magana. SG, wadda Gibson ta fitar a 1961, ba ta da nauyi, sai dai kanta yakan rinjaya ƙasa da zarar ka saki wuyan. Stratocaster an sassaƙe bayanta da gefenta don ta kwanta a jiki. Telecaster allo ce kawai mai kusurwa, amma ba ta da abin lalacewa, ga riƙe saiti.

Tambayar da ta fi damun masu saye ita ce ta suna. Squier ta Fender ce, Epiphone kuma Gibson ta saye ta tun 1957, PRS na da layin SE da ake ƙerawa a Asiya. Shin a sayi saman ƙaramin suna ko ƙasan babban suna? Squier Classic Vibe da Fender Player, wadda ake yi a Ensenada ta ƙasar Meziko, tazarar aikinsu ba ta kai tazarar kuɗinsu ba. Player ta fi kyan ƙarafa, kuma ta fi riƙe daraja ranar da za ka sayar. Amma idan ɗaukar Player zai tilasta maka sayen amfilifaya maras kirki, ɗauki Classic Vibe ba tare da waiwaye ba. A ɓangaren hambaka, PRS SE Custom 24 ta fi yawancin takwarorinta daidaiton aiki, ga maɓallin da ke raba hambakar ta koma kusan mai naɗi ɗaya. Epiphone Les Paul kuwa ta wanda wannan kaurin sautin kawai yake nema ce.

Gardamar wane katako ya fi daɗin sauti, ka bar wa masu lokaci. Fikof da lasifika sun fi shi tasiri nesa ba kusa ba.

Abin da zan hana mai sayen jitarsa ta farko ko ta biyu shi ne gada mai shawagi irin ta Floyd Rose, sai idan salon kiɗansa ya dogara da ita. Tana riƙe saiti ko an murɗa hannunta yaya, amma tsirkiya ɗaya ta tsinke, sauran biyar sun kauce, canza saiti kuma aikin zama ne. Gada kafaffiya ta fi kwanciyar hankali.

A wurin saye, kada ka fara da jonawa. Kaɗa ta haka nan ka saurari ko akwai zizar tsirkiya a kan firet. Shafa yatsa a gefen wuya ka ji ko bakin firet na yanka. Danna kowace tsirkiya a firet na 12, sautin ya zama daidai da na tsirkiyar a sake, sai dai sama da shi da zango ɗaya, wato sautin nan dai amma a siririyar murya. Tazarar tsirkiya da wannan firet ɗin ta kasance wajen milimita 2 ko ƙasa kaɗan. Sannan a jona, a juya kowane maɓalli a ji ko yana ƙarar yashi.

Amfilifaya kuwa tambaya ɗaya ce ke yanke hukunci: a ina za ka kaɗa?

Iri uku ne. Mai bawul, wato mai kwalaben nan masu haske a ciki, shi ne burin kowa, kuma da dalili. Yana amsa hannu: ka taɓa a hankali ya fito tas, ka daka ya yi gurnani, ba tare da ka taɓa maɓalli ba. Fender Blues Junior da Vox AC15 wat 15 ne kowanne, Marshall DSL20 wat 20. Kada lambar ta ruɗe ka. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa a ma'aunin ƙarfin sauti, sai an ninka kusan sau goma kafin kunne ya ji ƙara ta ninka. Ma'ana, wat 15 na bawul zai iya tsayawa da mai ganguna a ƙaramin zaure, kuma daɗinsa ba ya fitowa sosai sai an buɗe shi, a matakin da maƙwabta ba za su yafe ba. Ga nauyi, AC15 ya haura kilo 20. Bawul na tsufa a canza, ba ya son jijjiga a hanya, ba a kunna shi babu lasifika a jone, cikinsa kuma akwai lantarkin da ke kisa ko bayan an kashe. Wanda ke da ƙungiya da wurin gwaji ya saya, ba zai yi nadama ba. Wanda ɗakin kwana ne dandalinsa, zai biya kuɗin abin da ba zai taɓa ji ba.

Mai taransisto zalla ba shi da wannan lalurar. Roland JC-120 tun 1975 ake misali da tsabtar sautinsa, ƙannensa JC-22 da JC-40 sun dace da mai son tara feda a ƙasa, wato ƙananan akwatunan canza sauti da ake takawa. Orange Crush 35RT na ɓangaren gurnani ne.

Na uku shi ne mai kwaikwayo, wanda kwamfutar cikinsa ke kwatanta sautin shahararrun amfilifayoyi, ga amsa-kuwwa da jinkirta sauti da sauran kayan ado duk a akwati ɗaya. A da raina su ake yi, yanzu magana ta canza. Boss Katana, da ya fito a 2016, shi ya fi yawo: samfurin wat 50 na da lasifika mai inci 12, yana da maɓallin rage ƙarfi har zuwa rabin wat don dare, nauyinsa kusan kilo 12. Ga mafi yawan masu matsakaicin kuɗi, a nan zan tsaya, ko a takwaransa cikin jerin Fender Mustang. Yamaha THR da Positive Grid Spark na kan tebur ne, suna da daɗi a ƙaramar murya da kuma na'urar kunne, amma gaban ganguna ba a jin ɗuriyarsu. Aibin masu kwaikwayo shi ne yawan zaɓi. Mutum sai ya ƙare dare yana latsa manhaja bai kaɗa waƙa ɗaya ba. Saita sauti uku, mai tsabta, mai ɗan gurnani da mai nauyi, ka rufe wayar salula.

Duk wanda ka zaɓa, dubi girman lasifika kafin yawan wat. Inci 12 na fitar da ƙasan sauti da inci 8 ba zai iya ba, ko da an rubuta masa manyan lambobi. Idan daga wata ƙasa za a kawo shi, duba bayansa: na kasuwar Amurka bolt 120 yake ci, na Turai 230.

Wanda rikodi a kwamfuta ne burinsa, ko zai riƙa jonawa kai tsaye da lasifikun zaure, yana iya tsallake amfilifaya gaba ɗaya ya sayi na'urar ƙasa irin Line 6 POD Go da na'urar kunne mai kyau.

Kayan hannu na miƙa kuɗi sosai, musamman jita. Tabon fenti ba komai ba ne, rangwame ne ma. Abin gudu shi ne wuya murɗaɗɗe, firet da suka ci rami, sandar cikin wuya da ta ƙi juyawa, da tsaga a bayan kan jita, wurin da Les Paul da SG suka fi karyewa. Amfilifaya mai bawul na hannu a bar shi a kunne rabin awa ana kaɗawa kafin a biya, don wasu matsalolin sai ya yi zafi suke bayyana. Sabuwa ko ta hannu, kai ta wurin mai gyara ya daidaita wuya, tsayin tsirkiya da gada, ka kuma gaya masa kaurin tsirkiyar da za ka zauna a kai, 9 zuwa 42 ko 10 zuwa 46 (lambar mafi siranta zuwa ta mafi kauri), domin idan ka canza kauri daga baya sai an sake saitin.