Raazi ko Uri? Ka sa a tura maka Raazi

Ɗan'uwa, tunda ka ce tsakanin fina-finan Indiyan nan biyu, Raazi da Uri, guda ɗaya za ka sa a tura maka don kallon gida, Raazi za ka ɗauka. Duka biyun suna cikin filashina, amma ɗaya kaɗai nake komawa kansa.

Abin dariyar shi ne jaruminsu ɗaya. A Raazi, wanda ya fito a watan Mayun 2018, Vicky Kaushal hafsan sojan Pakistan ne mai suna Iqbal. Wata takwas bayan nan, a Janairun 2019, sai ga shi a Uri ya zama Manjo Vihaan na sojan Indiya, ya ɗauki bindiga ya tsallaka iyaka. Dattijon nan Rajit Kapur ma haka, a Raazi shi ne uban jarumar fim ɗin, a Uri kuma shi ne firaministan Indiya. Fuskokin ba su canja ba, ƙasashen da ke gaba da juna ma su ne dai, amma kishin ƙasar da kowanne yake tallatawa daban ne.

Labarin Raazi a 1971 yake, gab da yaƙin da ya haifar da ƙasar Bangladesh. Sehmat, wato Alia Bhatt, Musulma ce 'yar Kashmir da ke karatu a jami'a a Delhi. Mahaifinta ɗan kasuwa ne da ya daɗe yana yi wa Indiya leƙen asiri ta hanyar abotarsa da wani birgediyan Pakistan. Da ciwon daji ya ci ƙarfinsa, sai ya aurar da ita ga ɗan birgediyan domin ta ɗora daga inda ya tsaya. Aka koya mata harbi da aika saƙon sirri da buɗe kwaɗo, aka kai ta gidan miji a Rawalpindi da lalle a hannu. Igiyar shanyar kayanta ita ce wayar na'urar aika saƙo, na'urar kuma tana ɓoye a banɗaki. Daga nan ne ta gano shirin da ake yi wa babban jirgin ruwan yaƙin Indiya, INS Vikrant.

Inda darakta Meghna Gulzar ta yi wayo shi ne gidan da aka kai yarinyar gidan mutanen kirki ne. Surukin yana ƙaunarta kamar 'yar cikinsa, matar wan mijin ta riƙe ta hannu bibbiyu, mijin kuwa mai kunya ne da kawaici, har sarƙar ƙafar mahaifiyarsa marigayiya ya ba ta. Babu bos mai jajayen idanu da za ka tsana ka huta. Saboda haka duk saƙon da ta aika, kai mai kallo kana murna ta tsira, kuma kana jin kunyar mutanen gidan a madadinta.

Da Hajiyarmu na kalle shi, kuma ita ta sa fim ɗin ya zauna mini a rai. Hajiya tun zamanin Nargis da Dharmendra take kallon Indiya, ba ta jin yarensu amma ba a yi mata bayani, fuska take karantawa. Tun daga wurin ɗaurin aure ta fara mita, wai wane irin uba ne zai ɗauki 'yarsa ta fari ya kai ta gidan mutane da mugun nufi. Ƙanena ya ce ai don ƙasarsu ne. Ta ce, "Ƙasar ce za ta zauna mata zaman auren?" Da aka zo wurin da tsohon baran gidan, Abdul, ya gano na'urar ya fita da gudu cikin dare zai tona, Sehmat ta bi shi da mota ta take shi, sannan ta dawo ta shige banɗaki ta sakar wa kanta ruwa tana kuka ba sauti, Hajiya ta ajiye carbinta a cinya ta yi shiru. Can ta ce, "Wannan yarinya ta gama yawo, ko ta koma gida ba za ta ƙara barci mai daɗi ba." Tuwon dare har ya huce ba wanda ya tashi. Washegari da ta ga Vicky Kaushal a wani hoto a wayata ta ce, "Ga yaron nan ɗan halak da aka zalunta."

Akwai wuri guda da nake so ka lura da shi. Domin ta samu shiga gidan wani janar, Sehmat ta karɓi aikin koya wa yaran makarantar sojoji waƙar bikin shekara. Waƙar yabon ƙasa ce, "Ae Watan", wadda mahaifin daraktar, Gulzar, ya rubuta, kuma ba a ambaci sunan kowace ƙasa a cikinta ba. Yaran Pakistan suna rerawa da tutarsu, iyayensu hafsoshi suna tafi, ita kuma tana tsaye a gefe idonta cike da hawaye tana nufin Indiya. Waƙa ɗaya, kowa da ƙasar da ke ransa, kuma fim ɗin bai ce na wani ya fi na wani gaskiya ba. Ko da asiri ya tonu, uban Iqbal yana zaginta, shi mijin da aka ci amanarsa ne ya tuna masa cewa abin da ta yi don ƙasarta ta yi, kamar yadda su ma suke yi don tasu. Ba zan faɗa maka ƙarshen ba, sai dai ka sani babu faretin nasara a ciki. Harinder Sikka, wanda ya rubuta littafin Calling Sehmat da aka ɗauko labarin daga ciki, har fitowa ya yi yana ƙorafin an rage wa ƙarshen zafin kishin ƙasa. Ni kuwa abin da ya ɓata masa rai shi ya sa nake son fim ɗin. A gasar Filmfare ta 2019 shi ya ɗauki kyautar gwarzon fim, da ta darakta, da ta jaruma.

Uri kuma, to, an yi aiki, ba zan hana shi haƙƙinsa ba. Sautin harbi da ɗaukar hoton dare sun fi na yawancin fina-finan yaƙin Indiya, a ƙasar Sabiya aka ɗauki kaso mai yawa, kuma ya ci kyaututtukan ƙasa guda huɗu, har da na darakta Aditya Dhar da na jarumi. Wurin jana'izar nan da ƙaramar yarinya ta ɗaga murya da kirarin rundunar mahaifinta a gaban gawarsa, tsigar jikin kowa tana tashi. Bayan wannan, kuɗin turin da na biya ne kawai nake tunawa. Kamar kiɗan taron siyasa yake, jini ya motsa a fili, ana watsewa ka rasa me aka ce.

Harin da aka gina shi a kai gaskiya ne. Ranar 18 ga Satumban 2016 'yan bindiga suka shiga sansanin soja a garin Uri na Kashmir, sojojin Indiya 19 suka mutu. Ranar 29 ga watan Indiya ta sanar cewa dakarunta sun tsallaka layin da ya raba Kashmir sun rusa maɓoyar mayaƙa. Pakistan ta ce ba a yi haka ba, musayar wuta ce kawai aka yi a kan iyaka, ta rasa sojoji biyu. Fim ɗin ɓangare ɗaya ya ɗauka ya ƙara masa gishiri: ga jirgi marar matuƙi mai siffar gaggafa da wani yaro mai koyon aiki ya ƙera, ga manjo da ya yi alkawarin dawo da kowa da rai kuma ya cika, ga jami'an Pakistan da ko dai mugaye ne ko sakarkaru. Wanda aka fi nunawa a cikinsu, mai sayar wa Indiya asiri, babban aikinsa gyatsa. Kawuna tsohon soja da ya je Laberiya ya kalli rabi ya ce shi bai taɓa ganin yaƙin da tsari yake tafiya daidai haka ba, ya tashi ya tafi masallaci.

Sai kuma lokacin fitowarsa. Wata uku ya rage a fara zaɓen 2019. A ciki ana nuna firaminista mai farin gemu da mai ba shi shawara kan tsaro suna kwana ido biyu kan lamarin, kowa ya san su wa ake nufi. Ana jin kalmar nan cewa wannan sabuwar Indiya ce, mai shiga har gida ta yi duka. Tambayar da manjon yake jefa wa sojojinsa kan ƙarfin gwiwarsu, su amsa da ihu, firaminista Narendra Modi da bakinsa ya maimaita ta a taron buɗe gidan tarihin fina-finai a Mumbai a cikin watan. A ranar da Uri ya fito ne kuma aka saki The Accidental Prime Minister, mai nuna tsohon firaminista Manmohan Singh a matsayin wanda ake juyawa. Da aka kai harin Pulwama na Kashmir a Fabrairu, wanda ya kashe jami'an tsaro 40, mutane suka ƙara tururuwa silima. Ya tara sama da rupi biliyan uku, Raazi kuwa wajen biliyan biyu. Furodusoshi sun ga inda kuɗi yake.

Kar ka ɗauka yau Indiyawa suka fara fim ɗin kishin ƙasa. Manoj Kumar tun Upkar na 1967 yake yi, har aka laƙaba masa sunan ƙasar, amma nasa na manomi ne da soja da ƙasar noma. Border na 1997 da Gadar na 2001, wanda Sunny Deol ya tumɓuke famfon burtsatse, su suka kawo ihu da hargagi, duk da haka a ranar da Gadar ya fito Lagaan ma ya fito, ƙungiya guda Hindu da Musulmi da Sikh suna wasan kurket da Turawan mulkin mallaka. Chak De India na 2007 ma ƙarara ya nuna yadda aka kira Musulmin kyaftin maci amana don ya sha hannu da ɗan wasan Pakistan. A da kasuwar tana ɗaukar kowane iri. Abin da ya canja shi ne gwamnati ta shigo tsakiya, kuma abokin gaban ya fara matsowa daga tsallaken iyaka zuwa cikin unguwa. The Kashmir Files na 2022, jihohi da dama da BJP, jam'iyyar Modi, ke mulki sun yafe masa haraji, Modi ya yabe shi, ƙasar Singafo kuma ta hana nuna shi don gudun haddasa gaba tsakanin addinai. The Kerala Story na 2023 da iƙirarin an musuluntar da mata 32,000 an kai su ƙungiyar ISIS aka yi tallarsa, da magana ta je kotu aka koma cewa labarin mata uku ne. In aka gwada da waɗannan, Uri mai sauƙi ne, faɗansa da soja da 'yan bindiga ne, bai taɓa Musulmin Indiya ba. Amma shi ya nuna wa kowa cewa hanyar tana ɓullewa.

Raazi ma ba wankakke ba ne tas. Har yanzu labarin Musulmi ne wanda sai ya ba da 'yarsa kafin a yarda ɗan ƙasa ne na gaske, kuma mutumin Kashmir na yau zai iya kallonsa ya yi tsaki. Sannan littafin ƙagagge ne, marubucin ne ya ce ya gina shi kan rayuwar wata mata, don haka kar ka ɗauke shi darasin tarihi. Amma fim ne da ya ƙirga abin da kishin ƙasa ya ci wa mutum, kuma za ka kalle shi da iyali ba tare da neman rimot ba, in ban da wurin motar nan da bai dace da ƙananan yara ba.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da wasu masu turi. Kowanne cikin biyun ya haura awa biyu da kwata, in ka ga awa ɗaya da minti arba'in an yanke shi ne don ya shige memori, kuma wuraren shiru suke fara cirewa, alhali Raazi a wuraren shirun yake. Ka sa a buɗe maka a shagon, ka ja zuwa tsakiya da ƙarshe, ka tabbata ba wanda aka ɗauka da kyamara a silima ba ne, mai kawunan mutane suna giftawa. Duk wanda ya ce yana da Raazi 2 ƙarya yake yi, ba a yi shi ba, wani fim ɗin ne aka canja wa suna da hoto. Uri kuwa masu shi da kansu sun taɓa sakin na bogi a intanet lokacin fitowarsa, ka sauke ka buɗe sai ka ga jaruman suna yi maka faɗa kan satar fasaha. In fassarar Hausa kake so, saurari minti biyar tukuna, domin akwai mai fassarar da ba ya iya barin wuri shiru, yarinya tana kuka shi yana zuba barkwanci. Na taɓa karɓar irin wannan a wani shago, ko rabi ban kai ba na goge. Memorin ma ka je da naka, waɗanda ake ajiyewa a kan tebur an rubuta 64 a jiki, wani ko 8 bai cika ba, sai ka isa gida fim ya ƙi buɗewa.

Ka ce a tura maka Raazi mai rubutu a ƙasa ko fassara mai natsuwa. In wuri ya ragu a ƙara maka Chak De India. Uri kuma ka bari sai ranar da ka tarar ana kallonsa a gidan wani.