Fitilar gashi mai "ƙwayoyin zinare": wata biyu a gidanmu

Wata biyu ke nan da na sayi wata jar fitilar gashi, wato wadda ake gasa jiki da ɗuminta, a wani shagon kayan asibiti da ke Sabon Gari, domin mahaifina wanda ciwon suga ya sagar wa ƙafafu. Mai shagon ya ce mini, "Alhaji, wannan ba irin ta da ba ce, an zuba ƙwayoyin zinare a gilashinta, haskenta yana tayar da jijiyar da ta mutu."

Fitilar kanta ba ta da laifi. Ƙwanta mai wat 150 ne, gindinta yana da nauyi, wuyanta kuma yana lanƙwasuwa ya tsaya inda aka ajiye shi. Sai dai wayarta gajera ce, kuma ba ta da agogon da zai kashe ta.

Maganar zinaren ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin tana da tushe, amma an ɗora ta inda ba gurbinta ba. A shekarar 2015 masu bincike a Jami'ar Chicago ta Amurka sun nuna cewa ƙwayoyin zinare masu faɗin nanomita 20 (nanomita miliyan ɗaya ne ke cika milimita guda) suna shan koren hasken leza su mai da shi zafi, wannan zafi na farat ɗaya kuwa yana sauya yanayin lantarkin fatar ƙwayar jijiya har ta aika saƙo. Sharaɗin shi ne zinaren ya manne a jikin ƙwayar jijiyar, har sai da suka haɗa shi da wani sinadari na dafin kunama don kada ruwa ya wanke shi, hasken kuma walƙiya ce ta kusan kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. A kan ƙwayoyin jijiyar ɓera aka yi wannan aiki, a ɗakin gwaji. Ina wannan, ina zinaren da aka ce yana cikin gilashi, kamu biyu daga fatar dattijo?

Abin da fitilar ke bayarwa ɗumi ne kawai. Mahaifiyata tana jin daɗinta a ƙugu bayan sallar isha'i, kuma ta ce tana samun barci. Ga Baba kuwa, tun da ƙafar ba ta jin zafi, ranar da ƙanena ya matso masa da fitilar ya tafi ɗebo ruwa, sai da safe muka ga bororo a bayan ƙafarsa ta dama, ciwon da ya ɗauki makonni kafin ya kame. Ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi da ta duba shi ta hana a sake haska masa ita. Da na koma shagon da wannan bayani, sai mai shi ya ce kayan da aka kunna ba ya dawowa. Yanzu fitilar tana ɗakin Hajiya, kuma ni nake duba agogo idan an kunna ta.